Larsson, Mai Lamba 11

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Sae Sabuwa a shekarun da na yi tawa ya san cewa ƙwallon duniya da kunne muka fara saninta kafin ido ya gani. Rediyo ce ta raine mu. Da an idar da magariba sai a kewaye akwatin mai shayi, a murɗa BBC, a koma Jamus, a leƙa Kaduna, ana jiran a iso kan labarin wasanni. Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ba ta kai ko'ina ba tukuna, saboda haka zukatanmu suka tsallaka iyaka suka zauna wajen Super Eagles. Ba abin mamaki ba ne. Da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ya faɗa Jibiya, ya wuce Katsina ko Kano cin rani. Da Najeriya ta ci zinariya a Atlanta a 1996, murnar da aka yi a garinmu ba ta aro ba ce. Tijjani Babangida da Garba Lawal kuwa, ƴan Kaduna masu jin harshenmu, kallon ƴan'uwa muke musu.

Shi ya sa sunan Henrik Larsson ya shigo mana ta ƙofar baƙin ciki.

Ranar Juma'a ce, 7 ga Yunin 2002. Ana gasar cin kofin duniya a Japan da Koriya ta Kudu, kuma saboda nisan ƙasa, wasan da ake yi da rana a birnin Kobe mu nan da ƙarfe bakwai da rabi na safe yake riskarmu. Ga shi farkon damina, ruwan shuka ya sauka, kowane magidanci ya saɓa sungumi yana neman yaransa. Na tuna yadda na tsaya gaban mahaifina ina murza hannu. Ya dube ni ya ce, "To, je ka. Amma da an tashi ka same ni a gonar gabas, irin gero ba ya jiran Bature." Na ce, "To Baba," na fita da gudu.

Wani ɗan kasuwa ne a garin yake da talabijin, ƙarama, wadda ake haɗa wa batirin mota. Ya fito da ita zaure ya ɗora kan tebur, dala biyar kowane kai. An ɗaure eriya a kan doguwar gora a waje, an sa wani yaro ya rungume ta yana juyawa, mu kuma daga ciki muna ihu, "Ya yi! Tsaya nan! Kai, ya ɓace!" Najeriya ta riga ta sha kashi a hannun Ajantina da ci ɗaya na Batistuta, don haka kowa ya san idan aka sake faɗuwa a hannun Suwidin, sai haɗa kaya.

Minti na 27 Joseph Yobo ya ɗago ƙwallo daga dama, Julius Aghahowa ya tashi sama ya sa mata kai, ta faɗa raga. Sai ya kama alkafura, ɗaya bayan ɗaya, har muka kasa ƙirgawa. Zauren nan ya kusa rushewa. Yaron eriya ya saki gorarsa ya shigo, hoto ya ɓace, aka kora shi waje. Mutum guda ne kawai bai tashi daga tabarma ba, malamin makarantarmu da muke kira mushe, wanda ya yi karatu a Yamai kuma yake tara tsofaffin mujallun Onze Mondial a cikin kwali. Da ƙura ta lafa ya ce, "Yara, ku rage murna. Ku daina bin ƙwallo da ido, ku dubi mai lamba 11 ɗin can, ku ga inda yake tsayawa." Na ce, "Mushe, ai bai taɓa ƙwallo ba tun ɗazu." Ya ce, "Shi ne abin tsoron."

Ba a yi minti goma ba Freddie Ljungberg ya zura masa ƙwallo ta tsakiyar ƴan baya, ya kutsa, ya dungure ta da kan takalmi ta wuce Ike Shorunmu. A zagaye na biyu aka kayar da shi a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenariti, shi da kansa ya ajiye ya buga. Biyu da ɗaya. Najeriya ta yi ta kai hari, Okocha ya yi duk abin da ɗan Adam zai iya, ƙwallon Yobo ta bugi ƙarfe ta dawo, amma ƙaddara ta riga fata. Muka fito daga zauren babu mai ce wa wani uffan. Na iske Baba a gona, na karɓi ƙwaryar iri na bi bayansa, ina jefawa ina take rami da diddige, hawaye na zuba. Bai tambaye ni yadda aka tashi ba.

Kwana tara bayan haka mutumin nan ya sake ɗaga mana hankali. Senegal, wadda ta kunyata Faransa a wasan buɗe gasar, ita ta zama tamu gaba ɗaya. A birnin Oita, minti na 11, Larsson ya sa kai ya ci ta. Sai da Henri Camara ya farke, sannan ya ƙara ta biyu a ƙarin lokaci, wadda ta kashe wasan nan take bisa dokar wancan zamani, kafin muka numfasa. Ranar mun yi rawa. Amma na lura ko cikin rawar, manya suna cewa, "Kai, wancan mai ƙwalƙwal ɗin bala'i ne."

Daga kwalin mushe na san ko shi wane ne. An haife shi a 1971 a Helsingborg, wani gari na bakin teku a kudancin Suwidin. Mahaifiyarsa ƴar ƙasar ce, mahaifinsa kuwa, Francisco Rocha, mutumin tsibiran Cape Verde ne, can gaba da gaɓar Senegal. Wato jinin Afirka ta Yamma ne ya fitar da Najeriya. Sunan uwa iyayen suka sa masa, don suna ganin zai fi samun sauƙin shiga mutane a ƙasar da baƙar fata ba ta da yawa a lokacin. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin a wajenmu mutum da sunan ubansa ake kiransa, kuma na yi ta tunanin irin zaman da zai sa uba ya yarda a ajiye nasa sunan saboda ɗansa ya sami sarari.

Mushe ya nuna mini hotonsa na 1994, yana saurayi da dogayen kitso har kafaɗa, lokacin da Suwidin ta zo ta uku a kofin duniya na Amurka, shi ma ya ci ɗaya daga cikin huɗun da suka zuba wa Bulgeriya. Ya yi shekara huɗu a Feyenoord ta Holan bai ji daɗin zaman ba. A 1997 Celtic ta birnin Glasgow ta saye shi a kan fam 650,000, kuɗin da yanzu ko ɗan wasan benci ba za a ba ka da shi ba. A wasansa na farko ma shi ya miƙa wa abokin hamayya ƙwallon da aka ci su da ita. Amma a ƙarshen wannan kakar Celtic ta ɗauki kofin ƙasar, ta hana Rangers jera goma, kuma shi ya buɗe ci a wasan ƙarshe.

A Oktoban 1999, a birnin Lyon na Faransa, ƙafarsa ta karye gida biyu. Mutane da yawa sun ce shi ke nan. Ya yi jinya, ya dawo, ya aske kitson, a kakar 2000 zuwa 2001 ya ci ƙwallo 35 a gasar ƙasar kaɗai, aka ba shi takalmin zinariya na Turai baki ɗaya. A 2003 ya kai Celtic wasan ƙarshe na kofin UEFA a Sabiya ta Sifaniya, ya ci biyu da ka, amma Porto ta José Mourinho ta yi nasara da uku da biyu. Shekara bakwai ya yi a can, ƙwallo 242. Ƙungiyoyin Ingila masu kuɗi sun yi zawarcinsa, ya ce shi da iyalinsa sun ji daɗin inda suke, zai cika wa'adin da ya sa wa hannu. Ya kuwa cika.

Sai dai duk wannan a takarda na gani. Ranar da na gan shi da idon da mushe ya buɗe mini ita ce Laraba, 17 ga Mayun 2006. Lokacin ina karatu a Maraɗi, zamani ya ɗan canza, gidajen kallo masu tauraron ɗan Adam sun cika unguwanni, janareta na ruri a bayan kowane. Tun zamanin Kanu rabin garin ƴan Arsenal ne, kuma ko bayan tafiyarsa ba su saki ba, ga Kolo Touré da Eboué na Kodebuwa a ciki. Sauran rabin suna bayan Barcelona saboda Eto'o da Ronaldinho. Wasan ƙarshe ne na kofin zakarun Turai a Paris, aka take shi bayan magariba. Minti na 18 aka ba golan Arsenal, Jens Lehmann, jan kati, amma duk da haka Sol Campbell ya ci musu da ka. Muka fita sallar isha'i a hutun rabin lokaci ƴan Arsenal suna taku ɗaiɗai.

An yi kamar awa guda ana wasa, ruwa na zuba a Paris, aka ɗaga allo, Larsson ya shigo. Shekararsa 34, kuma ya sha fama da gwiwa tun farkon zuwansa Barcelona. Wani na kusa da ni ya yi tsaki ya ce, "Wannan tsohon me zai yi?" Ni kuwa na daina bin ƙwallo, na kafa masa ido. Ba ya gudu da yawa. Yana zamewa ne ya tsaya tsakanin ƴan baya biyu, inda kowannensu zai ɗauka na ɗan'uwansa ne. Iniesta ya turo ƙwallo, Larsson ya ɗan shafe ta kawai, taɓawa guda, ta canza hanya ta faɗa gaban Eto'o, ya farke. Bayan ƴan mintoci ya bi wata ƙwallo gefen dama, ya tare ta, ya juya, ya jira har Belletti ya kutso, ya ajiye masa a ƙafa. Biyu da ɗaya kuma. Aikinsa irin na mai bin bayan sungumi ne: ba shi ake hange daga bakin hanya ba, amma abin da ya jefa shi ke tsirowa. Thierry Henry da kansa, cikin ɓacin rai bayan wasan, ya ce mutane na ta zancen Ronaldinho da Eto'o, shi kuwa Larsson ya gani ya raba gardama.

Abin da ya yi bayan wannan dare shi ya fi kama ni. Barcelona na son ya zauna, shi kuwa ya riga ya ce zai koma garinsu ya ƙarasa wasa a Helsingborg, ya tattara ya koma. A farkon 2007, lokacin da sanyi ya tsayar da gasar Suwidin, Alex Ferguson ya karɓe shi aro a Manchester United na wajen mako goma. Ya ci ƙwallo a wasansa na farko da Aston Villa. Ferguson ya so ya riƙe shi har ƙarshen kaka, ga kofin Ingila suna hange. Ya ce a'a, ya yi wa ƙungiyarsa da iyalinsa alkawarin ranar dawowa. Alkawari kaya ne, in ji mutanenmu, kuma ban san ɗan wasa na zamanin nan da ya ɗauki kayan da muhimmanci kamarsa ba. Ya rataye takalmi a 2009, bayan ya buga wa ƙasarsa wasa 106 ya ci mata 37, ya kuma ci ƙwallo a kofin duniya uku daban-daban.

Da na ji ya zama mai horaswa na yi murna ƙwarai, don a ganina wanda ya iya karanta fili haka, koyarwa ba za ta gagare shi ba. Bai nemi babban wuri ba. Ya fara da Landskrona, ƙungiyar rukuni na biyu da ke maƙwabtaka da garinsu, ya yi kaka uku bai samu ya haurar da ita ba. A 2014 ya karɓi Falkenberg, ƙaramar ƙungiya da ta hau rukunin farko karon farko a tarihinta, kowa na cewa za ta koma inda ta fito, ya riƙe ta ba ta faɗi ba. Wannan aiki ne na gaske, ko da yake babu kofi a cikinsa. Daga nan garinsu ya kira shi.

A nan labarin ya yi ɗaci. Helsingborg da ya tarar a 2015 ba mai kuɗi ba ce, ana ta sayar da ƴan wasa. Kakar farko suka ƙare a tsakiya. Ta biyu suka zame har sai da suka buga wasan tsira da Halmstad a Nuwamban 2016. Ɗansa Jordan, saurayi ɗan shekara 19, shi ya ci musu ƙwallo ana dab da tashi, kowa ya ɗauka an tsira. Cikin ƴan mintocin da suka rage aka zura musu biyu, suka faɗa rukuni na biyu a filinsu, gaban mutanensu. Sai wasu magoya baya da suka rufe fuskokinsu suka diro fili, suka kewaye yaron, suka kama rigar ƙungiyar da ke jikinsa suna ƙoƙarin tuɓe ta. A wayar wani ƙanena na ga hoton, muna zaune ƙofar gida bayan an gama girbi. Na karɓi wayar na sake kallo. Uban yana nan a filin. Mutumin da ya bar Barcelona, ya ƙi tayin Manchester saboda wannan gari, ga abin da garin ya yi wa ɗansa. Bayan ƴan kwanaki ya ajiye aikin. Ya sake amsa kiransu a tsakiyar 2019, bai yi wata uku ba ya sake tafiya saboda zagin da ake yi masa.

Ba na cewa Larsson babban koci ne da aka zalunta. Sakamakonsa yana nan, matsakaici ne, kuma na yarda cewa abin da ƙafa ta sani ba lalle baki ya iya koyar da shi ba. Wanda Allah ya ba shi ganin gurbi tun kafin ya buɗe, da wuya ya gane dalilin da ya sa yaro ba ya ganinsa. Wataƙila ma matsayin da ya fi dacewa da halinsa shi ne wanda ya riƙe daga 2020 zuwa 2021, mataimakin Ronald Koeman a Barcelona, tsohon abokin wasansa a Feyenoord, inda aikinsa shi ne ya ja ɗan wasa gefe ya nuna masa inda zai tsaya. Amma faɗuwa a wasa daban, cin mutunci daban. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Da baƙo ne ya faɗar da ƙungiyar, da sallamarsa kawai za a yi a biya shi kuɗinsa ya hau jirgi.

Mu ma nan mun san wannan hali, ba sai an je Turai ba. Harouna Doula, ɗan ƙasa, shi ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihi, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Wa zai manta ƙwallon da Moussa Maazou ya ci Masar a Yamai a 2010? Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Doula gwarzon mai horaswa na 2011. Amma da aka je Gabon a farkon 2012 aka faɗi wasan farko, sai ragamar ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, kuma sauran wasanni biyun ma ba a ci ko ɗaya ba. (Ƙwallonmu guda a wannan gasa, wadda aka ci Tunisiya, William N'Gounou ne ya ci ta, kuma a wata ƙaramar ƙungiya ta Suwidin yake wasa a lokacin.) A Najeriya, a farkon 2010 aka ture Shaibu Amodu bayan ya sama wa ƙasar gurbin kofin duniya, aka ɗauko Lars Lagerbäck, ɗaya daga cikin mutum biyun da ke kan bencin Suwidin a waccan safiya ta Kobe. Maki ɗaya ya dawo da shi daga Afirka ta Kudu. Stephen Keshi, da ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994 ya sake ɗaga shi yana koci a 2013, bai tsira daga baki ba. Aliou Cissé, kyaftin ɗin Senegal ta 2002, shekaru ya yi yana shan suka kafin ya kawo musu kofi a 2022. Shi an yi masa haƙuri, haƙurin kuma ya biya.

Yanzu idan na je gida hutun damina, filin bayan makaranta nake fara leƙawa da la'asar. Wanda ke horas da yaran garin abokin ƙuruciyata ne, shi ne gwaninmu a da, har an taɓa yi masa maganar gwaji a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin Maraɗi kafin gwiwa ta hana shi. Ba a biyansa ko dala. Da kuɗin kabu-kabunsa yake sayen ƙwallo da hoda ta shata fili. Bara, a gasar ƙauyuka, aka fitar da su a zagaye na biyu, wasu matasa suka bi shi har bakin kasuwa suna cewa ƙaninsa ya sa a gaba ya ajiye ƙwararru, ya sauka ya ba wasu wuri. Da dare ya zo wurina ya ce, "Yaya, ni na gaji, gobe zan miƙa musu usur ɗinsu." Muka daɗe zaune. Na ba shi labarin Helsingborg tun daga farko, bai san mutumin ya taɓa zama koci ba, shi ƙwallayen Kobe kawai ya riƙe. Ya tambaye ni ko yaron ya ci gaba da wasa. Na ce ƙwarai, har ya buga wa ƙasarsa, kuma shi ne ɗan Copenhagen ɗin nan da Onana ya tare wa fenariti a mintin ƙarshe a filin Manchester United a 2023, wasan da shi kansa ya kalla a gidan kallo mai hasken rana da ke tasha. Ya ce, "Ashe ɗansa ne!"

Bai miƙa usur ɗin ba. Bana yana da yara sama da na bara, har da ƴan ƙauyukan da ke kan hanyar Tibiri suna zuwa a kan keke, kuma ya raba su gida biyu, ƙanana da safe ranar da babu makaranta, manya da yamma bayan an taso daga gona.